Nafplio, garin da ya riga Atina zama babban birnin Girka

Malam, ka tambaya ko da gaske ne akwai garin da ya riga Atina zama babban birnin Girka ta zamani. Gaskiya ne, sunansa Nafplio, kuma sai a 1834 aka mayar da fadar gwamnati Atina.

Garin yana bakin teku a yankin Argolis, gabashin Peloponis da ke kudancin ƙasar, tafiyar kamar awa biyu a mota daga Atina. Bayansa fili ne mai albarka, gonakin lemu ko'ina. Saboda tasharsa ta jiragen ruwa aka yi ta rububinsa. Turkawa sun karɓe shi daga mutanen Venis (birni ne a Italiya ta yau) a 1540, Venis ta ƙwato shi a 1686. Mutanen Venis ne suka gina ganuwar Palamidi a kan dutse mai tsayin mita 216, suka gama a 1714, shekara ɗaya kacal Turkawa suka dawo suka ci ta. Girkawa sun karɓe garin a 1822.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne masallatan da Turkawa suka bari, har yanzu gine-ginen suna tsaye. A cikin ɗaya daga cikinsu majalisar dokokin Girka ta zauna a farkon 'yanci. Ba nisa da nan akwai cocin da aka harbe gwamnan Girka na farko, Kapodistrias, a bakin ƙofarta a 1831.

In ka je, kada ka bar kangon tsohon birnin Mikene da tsohon dandalin wasan kwaikwayo na Epidauros, duk suna kusa.