Amsa ga Kawu: wane ne ke tace mana wasa da waƙa a Ingila?

Assalamu alaikum Kawu, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Kun ce a majalisarku ta Tudun Wada an tafka gardama a kan hukumar tace fina-finai ta Kano, wasu na ganin Kaduna ma tana bukatar irinta mai ƙarfi, har wani ya kawo misali da Turai, inda a cewarsa aka saki kowa ya rubuta abin da ya ga dama kuma ya rera abin da ya ga dama, 'ya'yan Hausawan da ke zaune a can kuwa suka tashi babu mai kwaɓarsu. Kuna so ku ji daga bakina ko haka abin yake, da kuma yadda mu Hausawan Birmingham muke tafiyar da namu wasanni da waƙoƙi. Zan fara da ƙasar da muke ciki kafin in zo kanmu, domin al'adarmu a nan ta ginu ne a cikin ratar da dokokinsu suka bari.

Ingila ta daɗe tana tacewa fiye da yadda ake zato a gida. Daga 1737 har zuwa 1968, babu sabon wasan kwaikwayon da za a nuna wa jama'a a gidan wasa sai wani babban jami'in fadar sarauta mai muƙamin Lord Chamberlain ya karanta rubutunsa ya ba da izini, kuma yana da ikon soke kalma ko fitowa ko wasan gaba ɗaya. Asalin dokar siyasa ce, domin firaminista Robert Walpole ne ya gaji da zambon da 'yan wasa ke yi masa. A baya-bayan nan ma, daga 1988 zuwa 1994, gwamnati ta hana gidajen rediyo da talabijin sa muryar shugabannin jam'iyyar Sinn Féin ta Ireland ta Arewa, sai 'yan jarida suka riƙa nuna hoton shugaban jam'iyyar, Gerry Adams, yana magana alhali wani ɗan wasa ne ke maimaita kalmominsa da tasa muryar. Ku da kuka ga zamanin soja a Rediyon Kaduna kun san irin wannan dabara ta bin doka a baki da kauce mata a aikace.

A yau hukumar da ke duba fina-finai, wadda masu sana'ar da kansu suka kafa a 1912, aikinta mafi yawa shi ne sa wa fim alamar shekaru: wanda kowa zai iya kallo, wanda yaro ƙasa da shekara 12 zai shiga tare da babba, na 15, da na 18. Mai sayar da tikiti yana iya neman katin shaida, kuma ƙaramar hukuma tana da ikon hana nuna fim a yankinta ko da hukumar ta amince da shi. Talabijin ba ya sa abin manya kafin ƙarfe tara na dare. Waƙa ma ba ta tsira ba. A 2018 'yan sandan Landan sun sa YouTube ya sauke bidiyoyin wasu matasa masu salon waƙar da ake kira drill, bisa zargin suna hura wutar faɗan daba, kuma kotu ta haramta wa wasu daga cikinsu ambaton kisa ko rauni a waƙa, ta kuma wajabta musu sanar da 'yan sanda duk lokacin da suka fitar da sabon bidiyo. Yawancin waɗannan matasa baƙaƙen fata ne, saboda haka iyaye irinmu ba mu saurari labarin a matsayin na wasu can ba. Akwai kuma biza, wadda ita ce tacewar da ba a cika lissafawa ba: Theresa May, lokacin tana ministar cikin gida, ta hana mai wa'azin nan ɗan Indiya Zakir Naik shigowa a 2010, ta kuma hana wani mawaƙin Amurka a 2015 saboda baitocinsa.

Na san abin da ya fi damun ku shi ne addini, kuma a nan ne mutumin majalisarku yake da ɗan gaskiya. Dokar saɓo da Ingila take da ita a da Kiristanci kaɗai take karewa. Musulmi sun gane haka bayan an ƙone littafin Salman Rushdie a Bradford a Janairun 1989, lokacin da aka je kotu ta ce dokar ba ta shafi Musulunci ba, sannan a 2008 aka soke ta ɗungurungum. Amma rashin doka bai sa komai ya wuce salin-alin ba. A nan Birmingham, a Disambar 2004, babban gidan wasan garin ya dakatar da wani wasa bayan mabiya addinin Sikh sun yi zanga-zanga har an fasa gilasai, saboda an nuna fyaɗe da kisa a cikin wurin ibadarsu. A Yunin 2022 kamfanin Cineworld ya janye wani fim da ya shafi Nana Faɗima daga dukkan gidajensa bayan Musulmi sun yi dafifi a ƙofofin sinima a Bradford da Bolton da Birmingham, ya ce don kare ma'aikatansa ya yi. A duka biyun gwamnati ba ta hana komai ba, tsoron mai gidan wasa ne ya yanke hukunci. Yawancin Hausawa ba su tsaya a waɗannan ƙofofi ba, ko da zuciyarsu na tare da masu tsayawa, domin mutumin da takardun zamansa ko aikinsa na asibiti ya rataya a kan tsabtar sunansa yana tunani sau biyu kafin kyamara ta ɗauke shi a taron ihu.

To, yanzu ga mu. Mu ba mu da yawa, kuma haɗin gambiza ne: akwai 'yan Kano da Zazzau da Sakkwato, akwai 'yan Maraɗi da Damagaram, akwai 'yan zangon Kumasi, akwai 'yan Izala da 'yan ɗariƙa, akwai kuma Kiristocin da Hausa ce harshensu tun daga tsatso. Babban taronmu shi ne na bayan Sallah, wanda muke kama zauren makaranta ko na unguwa haya dominsa, yara su yi wasan kwaikwayo da waƙe, manya su ci tuwo da waina. Jami'in da ke ba da hayar zauren ba ya jin Hausa, kuma abin da ya dame shi bai wuce yawan mutane da ƙofar gudun gobara da lokacin kashe kiɗa ba. Ta fuskar doka ke nan muna iya yin zambo da habaici yadda muka so. Duk da haka ban taɓa ganin wasan da ya hau dandalinmu ba tare da kwamiti ya karanta shi tun daga farko har ƙarshe ba.

Ƙa'idojin kwamitin ba a rubuce suke ba, amma kowa ya haddace su. Ba a ambaton ƙungiyar addini ko malaminta. Ba a kwaikwayon karin harshen wani gari don dariya, duk da cewa a gida barkwancin Bakano da Bazazzagi gishirin zama ne, saboda yaran da aka haifa a nan ba su san wasan taubasantaka ba, a makaranta kuma an koya musu cewa irin wannan wariya ce. Ba a shigo da jam'iyyun Nijeriya, musamman idan zaɓe ya gabato. Mace ba ta fitowa matar wani namiji a wasa sai idan ɗan'uwanta ne ko kuma dukansu ƙanana ne. Dalilin wannan tsauri a fili yake. A Kaduna wanda wasa ya ɓata wa rai yana da wata majalisar da zai koma, amma a nan mutanen da ka yi wa habaici ranar Asabar su ne za su yi maka wankan gawa, su ne kuma za su haɗa kuɗin kabari idan ta Allah ta kasance, don haka ba wanda ke son ya rasa ko mutum ɗaya saboda dariyar minti biyar.

A ɓangaren mata abin ya ɗauki wani salo, kuma ku yi mini afuwa, Kawu, zan faɗa muku shi yadda yake. A kamu da wunin biki muna kiɗan ƙwarya da waƙoƙin amada irin na iyayenmu, har da baitocin kishiya da na zaman aure waɗanda ba a rera su gaban maza. Ba ma ɗaukar namiji ya sa mana kiɗa, wata daga cikin 'yan matanmu ce ke riƙe na'urar, uwar biki kuma ta riga ta ji jerin waƙoƙin ta cire abin da ba ta so. Sabuwar al'adar da ta kafu ita ce karɓar wayoyi a bakin ƙofa a zuba su cikin jaka har a tashi. Ba don 'yan sanda ko maƙwabta Turawa ake yin haka ba. Saboda ku ne, mutanen gida. Bidiyon daƙiƙa talatin da aka ɗauka a nan da daddare yakan kwana a wayoyin Unguwar Rimi da Kawo da Rigasa, an yanke farkonsa da ƙarshensa, an ɗora masa rubutun cewa ga yadda 'ya'yan Hausawa suka lalace a Turai. Na san yarinyar da maganar aurenta ta watse a kan rawar da ta yi cikin mata zalla, sanye da tufafin da babu malamin da zai ce wani abu a kansu, kawai saboda dangin saurayin sun gani a WhatsApp. Hukumar Kano tana da ofis da doka da kotun da za a kai ƙara, amma wannan hukuma ta wayar hannu ba ta da inda za a je a ɗaukaka ƙara, kuma hukuncinta a kan 'ya mace ya fi sauka. Samarinmu suna rawa a bikin abokansu 'yan Somaliya da 'yan Jamaika, ban taɓa jin an fasa bai wa ɗayansu mata ba.

Littattafai kuwa sun kuɓuce wa kowa. Kun tuna cewa a 2007 an ƙone littattafan soyayya na Hausa a bainar jama'a a Kano, kuma a wannan tsakanin ne tsanantawar hukumar, wadda aka kafa a 2001, ta sa 'yan fim da dama suka kwaso kayan aikinsu zuwa Kaduna. Irin waɗannan littattafai yanzu ba sa bi ta maɗaba'a balle a kama su a kasuwa. Ana rubuta su a waya, ana sayar da su shafi-shafi a rukunonin WhatsApp, ana karanta su da murya a YouTube, kuma matan nan suna sauraronsu a motar zuwa aiki daidai lokacin da matan Kabala ke sauraro a ɗakin girki. Wasunsu sun fi waɗanda aka ƙone rashin kunya nesa ba kusa ba. Abin da muka iya yi a gidajenmu shi ne abin da iyaye Turawa masu kula suke yi: sa wa intanet ɗin gida makulli, hana waya shiga ɗakin kwana, da zama a kalli fim tare. Littattafan makaranta ba mu da iko a kansu. Doka ta ba uba damar cire ɗansa daga darasin addini da wani sashe na ilimin jima'i, amma ba daga darasin adabi ba, kuma lokacin da iyaye Musulmi suka yi zanga-zanga a ƙofar wasu firamare biyu na Birmingham a 2019 kan littattafan da ke nuna auren jinsi, babbar kotu ta haramta taruwa a gaban ɗaya daga cikinsu. Saboda haka mukan karanta abin da aka ba yaro, mu zauna da shi mu faɗa masa inda muka tsaya da dalilinmu, domin yaron da ya tashi a nan ba ya karɓar hani sai da hujja.

Ra'ayina, tunda kun nema, shi ne tacewarmu ta kare mana zumunci amma tana neman kashe mana wasa. An cire siyasa, an cire barkwanci, an cire duk abin da zai sosa wa wani dattijo rai, sai abin da ya rage ya zama wa'azi da tufafin wasa: yaro ya ƙi jin magana, ya shiga wahala, ya dawo ya tuba. Ku da kuka tashi da tashe, inda yara ke kwaikwayon malami da mai gari da tsoho mai gemu a ƙofar gidansu cikin azumi, kun san Bahaushe bai gaji irin wannan tsoro ba, kuma Samanja ya yi shekaru yana ba mutane dariya da rayuwar bariki alhali sojoji ne ke mulki. Matasanmu da suka kai jami'a sun fara ƙaurace wa dandalin Sallah, masu basira a cikinsu kuma suna rubutu da Turanci don wasu masu sauraro, inda babu gwaggon da za ta ce a cire layi.

Bana wasu daga cikinsu sun kawo wasa a kan uban da ya yaudari ɗansa da sunan hutu, ya kai shi gida ya karɓe fasfo ya bar shi wurin dangi don ya gyaru, abin da kowa a cikinmu ya san gidan da ya faru. Kwamiti ya yi zama mai zafi a kansa. Wasu dattawa suka ce tonon asiri ne, kuma idan maganar ta fita jami'an kula da yara za su sa mana ido. Mu kuma muka ce yaran sun ba uban hujjarsa cikakkiya a cikin wasan, har da tsoron da yake yi kada wuƙar 'yan daba ta kashe masa ɗa, kuma wanda aka hana faɗin wannan da Hausa a gabanmu zai faɗe shi da Turanci a gaban wasu. A ƙarshe an amince da sharaɗi biyu: a cire fitowar da ɗan ya ɗaga wa mahaifinsa murya, sannan a karɓi wayoyi a ƙofa kamar yadda ake yi a bikin mata. Sharaɗi na farko na goyi bayansa. Na biyun kuwa shi ne dalilin da ya sa ba zan iya turo muku bidiyon wasan ba, sai dai in nemi izinin yaran in aiko muku da rubutunsa ku karanta wa 'yan majalisa.