Kafin ka kwaso iyali zuwa Jamus

Ƙanena, ka ce an faɗa maka Jamus ƙasar 'yanci ce, kowa da irin rayuwarsa, don haka kai da maiɗakinka da yara za ku ci gaba da zama yadda kuka saba. Kusan duk mai turo min saƙo kuɗin biza da na haya yake lissafawa. Ba mai tambayar abin da ya fi wargaza gidajen mutanenmu a nan, wato abin da muke yi ba tare da tunani ba, Jamusawa kuma su ɗauke shi alamar gidan ba lafiya.

A gida idan ka kauce wa abin da aka saba, tsegumi za a yi, ko dattijo ya kira ka gefe ya ja maka kunne. A nan ba mai ja maka kunne. Maƙwabci ko malamar makaranta za su buga waya ofis, a buɗe maka fayil.

Fara da yara, don nan ne zafin yake. Tun shekarar 2000 dokar ƙasar ta hana dukan yaro kowane iri, har mari da murɗe kunne. Ma'aikatan gidan renon yara wajibi ne su ɗauki mataki idan suka ga shatin bulala, ko yaro ya ce "Baba ya doke ni". Ofishin kula da yara, Jugendamt, shi zai zo. Yawanci da tattaunawa da tayin taimako suke farawa, amma idan suka ga hatsari suna da ikon ɗauke yaron nan take, sai kotu ta raba. Inda namu ke ɓata lamarin shi ne ƙin buɗe wasiƙa, ko ɗaga murya a gaban ma'aikaciya, ko cewa "al'adarmu ce". Ka je a ranar da aka sa maka, ka nemi tafinta, kada ka sa hannu a takardar da ba ka fahimta ba.

Akwai kuma abin da ba laifi ba ne amma ana yi masa mummunar fassara, kuma wannan ya fi ci min rai. Yaron da ya sunkuyar da kai idan babba na magana, mu ladabi muka koya masa. Malamarsa tsoro take gani, ko rashin gaskiya. Uwar da ke kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ungozoma za ta iya rubuta cewa ba ta shaƙu da jaririnta ba. Kunyar nan mutunci ce, ba cuta ba. Amma sai kun buɗe baki kun yi bayani tun a zaman farko, don ba za su tambaya ba.

Aikin wanzami ka bar shi a gida. Cire belu da tsaga raunata yaro ne a idon doka. Kaciyar maza an halatta ta da dokar 2012, muddin an bi ƙa'idar likitanci. Ta mata babban laifi ce, ko da an kai yarinyar gida hutu aka yi mata. Makaranta dole ce, ba a karantar da yaro a gida a madadinta, kuma idan ka cire shi kwana biyu kafin hutu don tikiti ya fi araha, tara za ta iya biyo ka. Ranar Sallah jihohi da yawa suna ba da hutu idan ka rubuta tun da wuri.

Aure kuwa, mace ɗaya doka ta sani. Ba a ba mata ta biyu bizar biyo miji, kuma tun 2019 mai mata fiye da ɗaya ba ya samun takardar zama ɗan ƙasa. Ba a ɗaura aure ƙasa da shekara 18.

Za ka ga abin da zai tayar maka da hankali wanda su ba sa ko waiwaya: saurayi da budurwa gida ɗaya ba aure, ɗan shekara 16 yana sayen giya, auren jinsi da aka halatta a 2017. Ba wanda zai tilasta ka ka yarda, amma zagin mutum laifi ne da ake zuwa kotu a kansa. Ka lura kuma, nasu ma'aunin ma ba a tsaye yake ba. Sai 1994 aka soke dokar hukunta luwaɗi gaba ɗaya, sai 1997 tilasta wa mata a shimfiɗar aure ya zama laifin fyaɗe. Don haka kada wani ya sa ka ji kamar daga daji ka fito. Da gemunmu da hijabin matanmu muka yi karatu muka kama aiki, duk da kallon da ake mana a jirgin ƙasa da gidajen hayar da ake hana mu da zarar an ji sunanmu. Dokar 2006 ta hana wariya saboda addini ko launin fata, ka san da ita.

Sai larurar ƙwaƙwalwa. Duhun hunturu da kaɗaici suna kayar da mutane, musamman matar da aka bari a ɗaki ba harshe ba dangi. Idan wani naka ya daina barci, yana magana shi kaɗai, kada kalmar farko da za ka faɗa wa likita ta zama aljanu. Ka ce kwana nawa bai yi barci ba, me yake ci, me yake cewa yana ji. Ruƙiyya ba wanda ya hana, amma ɗaure marar lafiya ko dukansa da sunan fitar da iska zai kawo 'yan sanda. Inshorar lafiya tana biyan likitan ƙwaƙwalwa, kuma idan abin ya rikice cikin dare, lambar gaggawa 112 za ka kira.