Jar tutar nan mai gicciye da taurari: amsa ga mai tambaya daga gida

Malam, bayan gaisuwa mai yawa. Ka yi tambaya a kan jar tutar nan mai shuɗin gicciye da fararen taurari, wadda kake gani a jikin hulunan hana-sallah da rigunan gwanjo a Ƙofar Wambai, da kuma dalilin da ya sa Hausawan da ke zaune a Amurka suke hana 'ya'yansu da baƙinsu sa ta. Ka ce wani ya gaya maka ta Ingila ce, wani kuma ya ce ta wata ƙungiyar ƙwallo ce. Ba ko ɗaya daga ciki. Tutar fagen daga ce ta sojojin jihohin Kudancin Amurka da suka ɓalle, aka gwabza da su daga 1861 zuwa 1865. Sun sha kashi fiye da shekara 150 ke nan, amma har gobe ana kai ruwa rana a kanta.

Asalin yaƙin shi ne zaɓen Abraham Lincoln a watan Nuwamban 1860. Jam'iyyarsa ta ce ba za a bari bauta ta bazu zuwa sababbin yankunan yamma ba. Jihar Karolina ta Kudu ta fice daga tarayya ranar 20 ga Disamba, wasu suka bi sahu har suka kai goma sha ɗaya, suka kafa ƙasarsu da suka kira Kwanfedaret, Jefferson Davis na shugabanta. A lokacin akwai bayi baƙar fata kusan miliyan huɗu a Amurka, galibinsu a gonakin auduga da taba da rake na Kudu. Kafin babban kwamandan sojan Kudu, Janar Robert E. Lee, ya miƙa wuya a Appomattox ranar 9 ga Afrilun 1865, an rasa sojoji sama da 600,000.

Abin da ko Amurkawa da yawa ba su sani ba shi ne, wannan tutar ba ta taɓa zama tutar ƙasar 'yan awaren ba. Tutarsu ta farko, wadda suka ɗaga a watan Maris na 1861, ratsi uku ce a kwance, ja da fari da ja, da shuɗin kusurwa mai da'irar taurari bakwai. Matsalarta ita ce ta yi kama da tutar Amurka ƙwarai. A karon battar Manassas na watan Yulin 1861, ga hayaƙin albarushi ga ƙura, idan iska ta kwanta tuta ta naɗe a jikin sanda, kwamanda ba ya iya bambance nasa da na abokan gaba. Shi ya sa Janar Beauregard na sojan Kudu ya nemi a yi wata ta musamman don fagen fama. Aka ɗauko zanen wani ɗan majalisa, William Porcher Miles, wanda aka ƙi karɓa a matsayin tutar ƙasa tun da fari. Da farko gicciyen a tsaye yake kamar na coci. Wani Bayahude ɗan Kudu, Charles Moise, ya rubuta masa cewa bai dace a mai da alamar addini guda ta zama ta ƙasa ba, sai aka karkata shi daga kusurwa zuwa kusurwa. Tsawonta da faɗinta ɗaya ne: inci 48 ga sojan ƙasa, 36 ga masu igwa, 30 ga mahaya dawaki. Taurarin goma sha uku ne duk da jihohin goma sha ɗaya ne, don sun lissafa da Kentaki da Mizuri, waɗanda a zahiri ba su fice ba. Mai tsawon da ake sayarwa yanzu ta fi kama da ta jiragen ruwansu da ta rundunar Tenesi ta ƙarshen yaƙi.

A watan Mayun 1863 suka sauya tutar ƙasa, suka yi fara fat, suka sa wannan gicciyen a kusurwarta. Wani editan jarida a Savannah, William Thompson, wanda ya yi ta tallan wannan zane, ya kira ta tutar farar fata a rubuce. Ita ma ta ba da matsala, don in ba iska sai ka ɗauka ƙyallen miƙa wuya ne. A Maris 1865 aka ƙara mata jan ratsi a baki, bayan wata guda kuwa aka miƙa wuyan na gaske.

To, ina gardamar take? Masu ɗaga ta suna da take guda da za ka gani a bayan motocinsu: gado ne, ba ƙiyayya ba. Suna cewa kakanninsu talakawan manoma ne da ba su mallaki bawa ko ɗaya ba, sun fita ne don kare garuruwansu daga sojan Arewa, wasu ma dole aka yi musu, tunda an kafa dokar tilasta shiga soja a Afrilun 1862. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Har wata doka aka yi a shekarar wadda ta ɗauke wa farar fata guda aikin soja a duk gonar da ke da bayi ashirin, abin da ya sa talakawan sojoji suka riƙa cewa yaƙin attajirai ne amma jinin talaka ake zubarwa. Kuma akwai wanda a wurinsa tutar ba ta wuce alamar zama ɗan ƙauyen Kudu ba: farauta, tseren mota, kiɗan gargajiyarsu, da taurin kan nuna wa gwamnatin Washinton ba ta isa ba.

Amma dalilin da ya sa soja guda ya ɗauki bindiga daban, dalilin da ya sa aka kafa ƙasar daban, kuma waɗanda suka kafa ta ba su ɓoye komai ba. Takardar ficewar Misisifi ta Janairun 1861 ta faɗa ƙarara cewa matsayin jihar a ɗaure yake da bauta. Mataimakin shugabansu, Alexander Stephens, ya tsaya a Savannah ranar 21 ga Maris 1861 ya ce tushen sabuwar gwamnatin shi ne baƙar fata ba daidai yake da fari ba, bauta ce matsayinsa. Kundin tsarin mulkinsu ya haramta yin duk wata doka da za ta taɓa ikon mallakar bayi. Masu cewa 'yancin jihohi aka yi wa yaƙi su duba takardar Karolina ta Kudu: kukanta shi ne jihohin Arewa sun ƙi bin dokar tarayya ta 1850 ta kamo bawan da ya gudu a mayar wa ubangijinsa. Wato 'yancin wasu jihohin ne ma ya ɓata musu rai. Batun cewa 'yan ƙalilan ne ke da bayi kuwa, in aka ƙirga gida-gida maimakon mutum-mutum, kusan kashi ɗaya cikin uku na iyalan jihohin suna da bayi, a Misisifi da Karolina ta Kudu ma kusan rabi.

Duk da haka, da a 1865 labarin ya tsaya, da zafin bai kai haka ba. Shekaru da dama bayan yaƙi, an fi ganin tutar a maƙabartu da taron tsofaffin sojoji. Shi kansa Lee, da aka gayyace shi taron sa alamomin tunawa a filin dagar Gettysburg a 1869, ya ƙi zuwa, ya ce gara kada a riƙa fama gyambon yaƙi. Misisifi ce ta sa ta a tutar jiha tun 1894, shekara huɗu bayan ta sauya tsarin mulkinta don hana baƙar fata zaɓe. Sai a 1948, lokacin da Shugaba Truman ya soma maganar 'yancin baƙar fata, wasu 'yan siyasar Kudu suka ɓalle daga jam'iyyar Dimokurat, suka tsayar da Strom Thurmond, suka cika tarukansu da wannan tuta, har suka ci jihohi huɗu. Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantun farare da baƙaƙe a 1954. Shekara biyu bayan nan Jojiya ta cusa gicciyen a tutar jiharta. Karolina ta Kudu ta ɗora ta kan ginin majalisar jiha a 1961 da sunan cikar yaƙi shekara ɗari, bikin ya wuce aka bar ta a sama har 2000. Gwamna George Wallace na Alabama ya ɗaga ta a 1963, ranar da ministan shari'a Robert Kennedy ya je su yi maganar shigar da ɗalibai baƙaƙe jami'a. Ƙungiyar Ku Klux Klan ta fararen fata masu ƙin jinin baƙaƙe ma a wannan zamanin ta rungume ta. A ganina nan ne gizo yake saƙa. Dattijuwa baƙar fata mai shekara saba'in da biyar a Birmingham ta Alabama ba tarihin 1861 take tunawa ba. Ta ga tutar da idonta a hannun masu zagin yara a ƙofar makaranta.

Ranar 17 ga Yunin 2015 wani saurayi farar fata ya shiga cocin baƙar fata na Emanuel a Charleston ta Karolina ta Kudu ya harbe masu ibada tara, cikinsu har da limamin cocin, Clementa Pinckney, wanda sanata ne a majalisar jihar. Hotunan maharin riƙe da tutar suka fito. Ranar 10 ga Yuli aka sauke ta daga harabar majalisar jihar, inda aka mayar da ita bayan an cire ta daga saman ginin a 2000, Walmart da Amazon da eBay suka daina sayar da ita. Wani jin ra'ayi na CNN a lokacin ya nuna kashi 57 cikin ɗari na Amurkawa suna ɗaukarta alamar alfahari da Kudu, alhali kashi 72 na baƙar fata suna ganin alamar wariya ce. Bayan kisan George Floyd, baƙar fatan da ya mutu a hannun 'yan sanda a 2020, hukumar tseren motoci ta NASCAR ta hana shiga da ita, ma'aikatar tsaro ta fitar da jerin tutocin da za a iya kafawa a barikoki babu ita a ciki, Misisifi kuma ta sauya tutarta, duk da a 2001 kusan kashi biyu cikin uku na masu zaɓe sun ce a bar ta. Wani abin ban dariya, tutar Jojiya ta yanzu, ta 2003, an kwaikwayo ta ne daga tutar farko ta 'yan awaren, amma tunda mutane ba su san waccan ba, ba mai ɗaga murya sosai.

Ka tambaya ko kamar tutar Biyafara ce a wurinmu. Sun haɗu a abu guda, duka na ɓangaren da ya ɓalle aka ci shi da yaƙi ne. Daga nan sun rabu: ba a kafa Biyafara don mallakar bayi ba, kuma ba wata jihar Najeriya da ta taɓa cusa tutar Biyafara a cikin tutar gwamnatinta.

Game da yadda muke zama da ita, abu na farko da ake koya wa baƙo shi ne doka ba ta hana ta ba. Gyaran farko na tsarin mulkin Amurka ya ba mutum damar kafa ta a gidansa ko motarsa. Kuskuren da sabon zuwa kan yi shi ne ya fusata ya yage ta ko ya cire daga motar maƙwabci. Nan take laifin ya dawo kansa, a tuhume shi da ɓarnar dukiya, abin kuma ya biyo shi ranar sabunta takardun zama. Inda doka take gefenmu shi ne wurin aiki da makaranta da gidan haya. Kamfani na da ikon hana ta. In ana ajiye maka ita a tebur ko a manna a makabatarka tare da habaici, ka ɗauki hoto, ka rubuta rana da lokaci da wanda ya gani, ka kai ƙara ofishin kula da ma'aikata a rubuce, ka riƙe kwafe. In ba a yi komai ba sai EEOC, hukumar tarayya mai binciken wariya a wurin aiki, kuma akwai wa'adin kai ƙara: kwana 180, a wasu jihohin 300. Mutanenmu sun cika haƙuri da kawaici har wa'adin ya wuce, ko su faɗa wa shugaban aiki da baki, ranar shari'a ya ce bai taɓa ji ba. A makarantar gwamnati kuwa, shugaba na iya hana ɗalibai sa ta idan akwai hujjar za ta tada fitina, don haka iyaye su kai bayanin abin da ya faru dalla-dalla, ba kukan cewa ran yaro ya ɓaci kawai ba.

Direbobinmu na tirela da masu kai kaya gida-gida su ne suka fi cin karo da ita, a ƙauyukan Jojiya da Tenesi, har da Ohayo da Fensilbeniya waɗanda suka yi yaƙi a ɓangaren Arewa, inda maganar gadon kakanni ba ta da wurin zama. Ba a yanke wa mai ita hukunci daga nesa. Wani zai fito da tutar a hularsa ya taya ka canza taya cikin ruwan sama. Amma ana lura da abin da ke tare da ita. Ita kaɗai a maƙabarta ko gidan tarihi, magana ce daban. In tana tare da alamar Nazi, ko lambar 88 ko 14 da masu fifita farar fata suke alama da su, ko igiya mai zarge, sai ka ajiye kaya a bakin ƙofa ka ɗauki hoto ka wuce, ba musu, ba tsayawa shan mai a wurin da dare.

Akwai masu cewa mu ba jikokin bayin Amurka ba ne, ina ruwanmu. Wanda ya tsani baƙar fata ba ya tambayar fasfo. Kuma 'yancin da muke aiki da karatu da shi, Baƙaƙen Amurka ne suka sha duka a kansa, da yawansu sahu ɗaya muke tsayawa da su ranar Juma'a. Ko a yaƙin ma akwai namu: Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda aka fi sani da Nicholas Said, haifaffen Kukawa a Borno, an kama shi bawa yana yaro aka ƙetara Sahara da shi, daga baya ya shiga runduna ta 55 ta Masacusets a 1863, ya yi aikin soja a ɓangaren Arewa. Sai dai ba ma ɗaga hanci a wannan zance, don ƙasar Hausa ma ta san rinji da cucanawa, kuma sai a 1936 aka soke bauta baki ɗaya a dokar Arewacin Najeriya.

Hular da ke hannun yaronka a Kano ba za ta cutar da kowa a layinku ba, shi bai san ma'anarta ba, dillalin da ya kwance dilar ma haka. Amma kada ya sa hotonsa da ita a Facebook in yana neman gurbin karatu ko biza, kada kuma ta shiga jakar mai tahowa nan. In rigar mai kyau ce kuma tambarin ɗinka shi aka yi, tela zai farke shi da reza cikin minti biyar.