Ganyen shinkafata na ƙonewa: in ƙara sayen magani ko in sauya iri?

Tun da damina ta kankama, saƙonnin manoman shinkafa sun fi na kowa yawa a filin nan. Na zaɓo uku, domin duk ciwo ɗaya suke kuka da shi.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina noma a gefen Dam ɗin Daberam. Ganyen shinkafata ya soma bushewa daga baki, ya yi rawaya, daga baya ya koma fari fat kamar an babbaka. Na sayi Mankozeb a Daura na yi feshi, ba sauyi. Yanzu mai shago ya ce in ɗauki wani mai tsada. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Dakata tukuna Malam, kada ka fitar da ko sisi sai ka san abin da kake yaƙa. Gobe da sassafe ka tsinko ganyen da ya soma bushewa, ka yanka shi daidai inda ɗanyen ya haɗu da busasshen, ka tsoma a kofin gilashi mai ruwa garau. In bayan kamar rabin awa ka ga wani fari-fari yana tsattsafowa daga yankan har ruwan ya gurɓace, to bakteriya ce mai suna Xanthomonas oryzae, mai ƙona ganyen shinkafa. In kuwa tabon a tsakiyar ganye yake, mai tsini sama da ƙasa da toka-toka a ciki, wannan fangas ne, kuma a nan ne feshi yake da rana.

Bayaninka ya fi kama da na farko. Mankozeb maganin fangas ne, ba ruwansa da bakteriya. Ita tana shiga ta ƙananan kafofin ruwa da ke gefen ganye ko ta rauni, ta zauna cikin jijiyoyin da ke kai ruwa, inda feshi ba ya cim mata. Ko magungunan da ke da sinadarin tagulla, ɗan abin da suke taɓukawa bai kai kuɗinsu ba.

Abin da ya rage maka bana shi ne rage ɓarna. Ka tsayar da yuriya, domin yawanta na sa ganye ya yi laushi cutar ta samu wurin zama. Kada ruwan fangalin da ya kamu ya malala zuwa mai lafiya, kuma kada a ratsa gonar da raɓa a jikin ganye. Bayan girbi a kawar da tushiya da bambaro da gyauro da shinkafar dajin da ke bakin kwata, nan take laɓewa har wata shekara. Baɗi kuma a daina datse kan ganye wajen dashe, kowane yanka ƙofa ce. Kuɗin maganin nan ka ɗaure su don iri.

Tambaya: Ni 'yar kasuwa ce a Ƙofar Ƙaura cikin Katsina, ƙanena ne ke yi mini noma a gefen Dam ɗin Zobe da ke Dutsin-Ma. An kawo mini iri biyu: na tiya daga kasuwa, da na buhu a ɗinke mai ninkin kuɗi. Mai buhun ya ce nasa ba ya kamuwa da cuta ko kaɗan. Gaskiya ne?

Amsa: Hajiya, ki sayi na buhun in ya cika sharuɗɗan da zan faɗa, amma maganar "ko kaɗan" ta kasuwa ce, kada ki hau kanta.

Jure wa cutar nan gado ne a jikin shinkafa. Masana sun gano ƙwayoyin gado sama da 40 masu ba ta wannan kariya, ana kiran su Xa da lamba: Xa4, xa5, Xa7, xa13, Xa21 da sauransu. Wanda ya fi shahara, Xa21, daga ƙasar Mali aka samo shi, a jikin wata shinkafar daji, Oryza longistaminata, wadda manomi ke ɗauka ciyawa ce kawai. Cibiyar binciken shinkafa ta IRRI da ke Filifin ta aurar da ita da shinkafar gida, sannan a 1995 Pamela Ronald da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka ware ƙwayar gadon kanta. Duk sa'ad da na tuna cewa daga fadamar Sahel ɗinmu wannan arziki ya fito, sai in ji takaicin yadda muke raina abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu.

Yadda cutar ke ci kuwa abin mamaki ne. Bakteriyar tana tura wasu sinadarai cikin ƙwayar ganye, su je su kunna ƙwayoyin gadon da ake kira SWEET, waɗanda aikinsu fitar da sukari ne. Kamar ɓarawo ne mai makullin rumbu: ya buɗe, ya ci, ya hayayyafa. Irin da ke da xa13 ya sauya kwaɗon, makullin ba ya shiga. Amma ɓarayin ba makulli ɗaya suke riƙe da shi ba. Bakteriyar Afirka ta Yamma, wadda aka fara ba da rahotonta a Mali a 1979, ta bambanta da ta Asiya, don haka irin da ya tsaya da ƙafarsa a Indiya yana iya faɗuwa a Dutsin-Ma. Har zafin rana yana da ta cewa: bincike ya nuna Xa4 na raunana idan zafi ya tsananta, Xa7 kuwa ƙara ƙarfi yake yi. Ga mu da ke noman rani cikin zafin bazara, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Shi ya sa masu samar da iri suka fi son tara ƙwayoyin kariya biyu ko uku a iri guda, domin ɗaya tilo cutar kan karya shi bayan 'yan shekaru.

To me buhun zai ba ki da tiya ba za ta ba ki ba? Sanin abin da kika shuka. Na tiya sau da yawa gauraye ne, ba wanda zai iya gaya miki asalinsa. Ki duba buhun: sunan iri a rubuce, misali FARO 44 ko FARO 52, da shuɗiyar takardar shaida ta hukumar iri ta ƙasa, NASC, da lambar da ake kankarewa a tura ta waya. Takardar tana shaida cewa irin tsantsa ne kuma zai tsiro, ba alkawarin rashin cuta ba ce. Saboda haka ƙanen naki ya je wurin malamin gona na KTARDA, hukumar bunƙasa aikin gona ta Jihar Katsina, da ke yankin, ya tambayi irin da ya tsira a gonakin da suka ƙone bara, ya kuma tambayi maƙwabtansa. Sabon iri a gwada shi a fangali biyu ko uku kafin a cika gona da shi. A iri mai rauni, in cutar ta kama da wuri, asara kan kai kashi 70 cikin 100, kin ga bambancin kuɗin buhu da tiya bai kai a tsaya ciniki a kansa ba.

Shinkafa da kanta take yi wa kanta barbara, don haka irin FARO mai kyau za a iya ajiye shi a sake shukawa shekara biyu ko uku. Amma ban da na gonar da ta ƙone, wannan ya riga ya nuna gadonsa.

Tambaya: Malam, wani a WhatsApp yana tallar irin waje da ya ce an gyara masa ƙwayoyin gado, za a shigo da shi ta Mai'adua. In yi oda?

Amsa: A'a, ƙanena. Gyaran kansa gaskiya ne: a 2019 masana suka wallafa yadda suka yi amfani da fasahar gyaran ƙwayoyin gado mai suna CRISPR suka sauya wuraren da bakteriya ke kamawa a ƙwayoyin SWEET guda uku, shinkafar ta jure wa nau'o'in cutar masu yawa. Amma irin wannan iri ba ya zuwa hannun manomi a Najeriya sai da amincewar NBMA, hukumar ƙasa mai sa ido kan irin da aka gyara wa ƙwayoyin gado, kuma sai an yi masa rajista da suna. Wanda zai zo a bayan mota ba takarda, ba ka da hanyar sanin mene ne.

Akwai kuma abin da ya fi asarar kuɗinka. A 2019 cutar ta ɓarke a Dakawa ta ƙasar Tanzaniya, da aka bincika sai aka tarar nau'in Asiya ne, ana kuma kyautata zaton ta hanyar iri ya shigo. In irin wannan ya faɗa ruwan Daberam ko Sabke, duk wanda ke ban-ruwa a ƙasa da kai ya shiga ciki. Ka ba mai tallar haƙuri, ka nemi dillalin iri mai rajista a Daura ko Katsina, ka kankare lambar a gabansa kafin ka biya.