Mararaba ko Kubwa ga Mai Aiki a Wuse?

Ɗan'uwa, ka ce ka samu aiki a Wuse da ke cikin Abuja, kana tunanin kama haya a Mararaba saboda arha, ko kuma Kubwa. Ni dai Kubwa zan ce maka. Shekara 3 na yi a Mararaba. In ban fito da asuba ba, cunkoson motoci daga Nyanya zuwa shataletalen AYA, a hanyar shiga Abuja, kan cinye min awa biyu, in isa ofis a gajiye tilis. Abin da ka rage a kuɗin haya, hanya ce za ta karɓe. Titin Kubwa kuwa faɗi gare shi. Amma kafin ka biya, gwada fitowa daga unguwar da safiyar Litinin, ka kuma tambayi maƙwabta batun ruwa da wuta.