Amsa Ga Ɗana Mai Shirin Tafiya Azhar

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso, kuma na yi murna ƙwarai da jin cewa ka samu gurbin karatu a Jami'ar Azhar. Ka tambaye ni ko dole ne ka bi dangi gida-gida ka yi musu sallama, sannan idan ka sauka a Alƙahira ka nemi manyan ɗalibanmu ka gabatar da kanka, alhali jami'ar tana da ofishin da ke kula da baƙin ɗalibai, wayarka kuma tana nuna maka hanya. Amsata ita ce ka yi duka biyun.

Maganar sallama ba ta da tsawo. Wanda zai yi shekaru huɗu ko fiye ba ya gida bai san wanda zai dawo ya tarar ba, don haka ake zuwa a durƙusa a nemi gafara da albarka, kuma saƙon waya ba ya isar da wannan ga gwaggonka da ta goya ka.

Batun masauki ne nake so ka fahimta sosai, domin ya girme mu duka. Tun a ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka kashe dukiya aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Masar, inda mutanensu masu neman ilimi da mahajjata suke sauka. Shi kansa masallacin Azhar, wanda aka fara gininsa a 970 aka kammala a 972, ya daɗe yana zaunar da ɗalibai a sassan da ake kira ruwaƙi, kowace al'umma da nata: akwai na Magaribawa, na mutanen Sham, na Turkawa, na mutanen Jawa, akwai kuma na Barnawa. A wancan zamani kowane ruwaƙi yana da shehinsa mai sanin wanda ya zo da wanda ya tafi, kuma ta hannunsa ake raba gurasar da wakafi ya tanada wa ɗalibai. Malaminmu na Katsina, Muhammadu Alkashinawi, wanda ya shahara a ilimin lissafi, a gidan malamin Alƙahira Shehu Hasan Aljabarti ya sauka, a nan kuma ya rasu wajen 1741. Idan malami mai wannan daraja ya zauna a hannun mai masauki, ban ga abin da zai sa yaro sabon zuwa ya ji nauyin yin haka ba.

An sauya tsarin jami'ar a 1961, aka ƙara fannoni irin su likitanci da injiniyanci, kuma baƙin ɗalibai da yawa yanzu suna zaune ne a Madinatul Bu'us, masaukin baƙin ɗalibai da ke unguwar Abbasiyya, wasu kuma suna haya a unguwar Madinatu Nasr. Ofis zai karɓi takardunka ya buga musu hatimi, wannan aikinsa ne. Amma wanda ya riga ka zuwa shi zai raka ka wajen neman iƙama, wato takardar izinin zama, ya shirya ka ga jarrabawar tantance matsayinka a Larabci, ya gaya maka kuɗin haya na gaskiya kafin dillali ya gane baƙo ne kai. Ni kaina, a sanyin Janairu na shekarata ta farko a can, zazzaɓi ya kwantar da ni kwana shida, kuma wani ɗalibi mutumin Damagaram, wanda sau ɗaya kawai na taɓa zuwa na gaishe shi, shi ya yi jinyata, yana dama mini kunu yana sayo magani. Har yau ina sa shi a addu'a.

Sai dai kada ka mai da masauki maɓoya. Na ga yaran da suka shekara biyar ba su da aboki ko ɗaya sai Bahaushe, suka dawo da takardar shahada amma ba sa iya ciniki da Larabcin kasuwa, abin da ya daɗe yana ba ni takaici. A ajinku za ka zauna da 'yan Indonesiya, Malesiya, Senegal da Cadi, kuma za ka ga Bashafi'e ko Bahanafe yana sallah da ɗan bambanci da yadda muka saba a mazhabar Malikiyya. Ka tambaye shi dalilinsa cikin ladabi kafin ka yanke masa hukunci. Ka ci ful da ta'amiyya, wato dafaffen wake da ƙosansu, tare da Misirawa, ka koyi Ammiyyarsu, wato Larabcinsu na yau da kullum, ka gaida bawwabi, mai gadin gidanku, kamar yadda kake gaida dattijon unguwa.

Kada ka shiga wurin manyan ɗaliban hannu rabbana. Ka sa mahaifiyarka ta ƙulla maka kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da yaji, domin su ne abin da ake marmari a can. Ka zo ranar Juma'a bayan la'asar, in raka ka gidan gwaggonka mu fara daga nan.