Hijabi da Wutar Ɗakin Gwaje-gwaje

Tambaya: Malam, bana na fara karatun kimiyyar sinadarai a Jami'ar Ahmadu Bello. An ce sai mun halarci horon kare kai kafin mu shiga ɗakin gwaje-gwaje, har da batun yadda za mu sa hijabi. Dole ne sai na je? Daga wata ɗaliba a Samaru, Zariya.

Amsa: 'Yata, ki je, kada ki ɗauke shi wasa. Na yi shekaru ina aiki a irin wannan ɗaki, kuma ba abin da ke tayar min da hankali kamar hijabi mai faɗi kusa da wutar gas. Da idona na ga gefen na wata yarinya ya kama. Yadin roba ne, nan take ya narke ya manne mata a wuyan hannu. Ba wanda zai ce ki cire. Ki nemi ƙarami na auduga, ki cusa bakinsa cikin farar rigar aiki, ki ɓalle maɓallai. Silifas kuma a bar shi a ɗakin kwana, sai takalmi rufaffe.

Batun asid shi ne na fi so ki riƙe. Shi ake zubawa cikin ruwa a hankali. Idan kika zuba masa ruwa, zafi zai taso ya fantsamo miki a fuska. In ya shiga ido, ki buɗe idon a ƙarƙashin famfo aƙalla minti 15 kafin a wuce da ke asibiti. Ranar farko ki duba inda famfo, bokitin yashi da ƙofar fita suke.